Zumar Mai Ruƙiyya

Ciwon sukari ya kama ni ina yaro, a Matankari, ba da daɗewa da sa ni lakkwal, wato makarantar boko, ba. Abin da na fi tunawa shi ne ƙishirwa. Sai in sha ruwa har cikina ya yi tsiri, in juya in sake komawa bakin randa. Na rame har wando ya daina zama a ƙuguna. Inna ce ta fara lura kiyashi na taruwa inda na yi fitsari a bayan ɗaki. Babanmu tsohon soja ne, ya ɗan ga duniya, sai ya sa ni a mota muka tafi Yamai. A can aka gaya masa sunan ciwon, aka ce allura zan yi ta yi safe da yamma har ƙarshen rayuwata. Ba wanda ya ɗauka ƙarshen yana da nisa. Gwaggona ta faɗa a gabana, tana tsince wake, cewa a daina wahalar da ni da boko, a bar ni in yi wasana na ɗan abin da ya rage. Ita ta rasu tuntuni. Ni kuwa na gama lakkwal har na zama mushe, wato malamin makaranta, ina koyar da yara.

Inna ce ta riƙe ni da rai, wannan ba na musunsa. Gidanmu ba wuta balle firigo mai sanyaya magani, sai ta haƙa rami a gindin randa, inda rairayi ke jiƙe kullum, ta sa kwalbar insulin cikin ɗan gwangwani ta binne. Ita ke yi mini allurar kafin in iya da kaina, hannunta bai taɓa rawa ba. Wata rana da damina na yi allurar safe, na bi yara gona ban ci komai ba, aka dawo da ni a amalanke kamar gawa. Da cokali ta ɓamɓare mini baki ta ɗura mini ruwan sukari. Daga ranar ta yanke hukuncinta: yunwa ce ke kashe mai irin ciwona, ƙoshi bai taɓa kashe kowa ba. Kullum tana biye da ni da ƙwaryar fura. In na ce na ƙoshi, ta ce in ƙara. A ranta kuma tana da wani bayani da ba ta faɗa gaban Baba. Kakarta 'yar bori ce, akwai doguwar da gidansu ke yi wa hidima aka daina, to a ganinta ita ce ta zo ta zauna a jikina tana shan abin da aka hana ta.

Haka na girma, sukarina na can sama ban sani ba. Yawan allurar da aka sa mini ina saurayi, da shi na shiga shekara talatin, don duk majon asibitin da na je wurinsa, wato ma'aikacin jinya, sai ya kwafi tsohuwar takarda ya miƙo mini. Maruru ba ya rabuwa da ni. In na ji ciwo a ƙafa sai ya ƙi warkewa. Gajiya kuwa na ɗauka haka kowa ke ji, ya dai fi ni iya ɓoyewa ne.

Da Baba ya rasu, wana ya kwaso mu ni da Inna ya kawo gidansa a Dogon Dutsi, ni ma aka maido ni wata lakkwal a cikin gari. Yaya ɗan kasuwa ne, siminti da kwanon rufi yake sayarwa a bakin kwalta. Yana cikin masu da'awar gyaran addini, wandonsa bai kai idon sawu ba, kuma ranar da muka iso ya tattara layun Inna ya ƙone, ya ce kar ya sake jin kalmar doguwa a gidansa. Mutum ne mai ciyarwa, mutane na yabonsa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ya ba ni ɗaki, ya ba kwalbata wuri a ƙofar firigo. Amma in zai gabatar da ni ga baƙo ba ya cewa ga ƙanena. Cewa yake ga amanar da Baba ya bar masa. Yana faɗa da muryar mutumin da aka ba ajiya ta ɗan lokaci, mai ita ya ƙi dawowa.

Ido ne ya kai ni Yamai a karo na biyu. Na fara ganin wasu baƙaƙen zare suna yawo tsakanina da allo, in na juya su bi ni. Tafin ƙafata kuma yana zafi kamar na taka garwashi. Da aka yi hutu na shiga mota. Lokotoron da ta duba ni mace ce, ba ta da fara'a ko kaɗan. Ta sa aka yi mini awon jinin nan da ke nuna yadda sukari ya zauna cikin watanni, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta tambaye ni da faransanci wane ne ke kula da ni duk shekarun nan. Na ce uwata. Ta ce uwata ta yi ƙoƙari, amma ni babba ne, mai ilimi, ba ni da uzuri. Ta buɗe ƙofa ta nuna mini wani mutum a kan benci, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an manne da fil. Ta ce wancan ya girme ni da kaɗan, in ina so in ga gobena sai in dube shi da kyau. Mutumin ya ji ta. Ya sunkuyar da kai yana gyara sandarsa.

Ta canza mini komai. Allura ta zama iri biyu, ɗaya mai aiki a hankali ta wuni guda, ɗaya mai sauri da zan yi duk lokacin da zan ci abinci. Ta sa na sayi 'yar na'urar da ake huda yatsa a ɗiga jini ta nuna lamba. Ta gargaɗe ni cewa in na yi mai saurin, dole abinci ya biyo baya nan da nan, kuma kar in kuskura in fita ba ƙwayoyin sukari a aljihu. Ta ba ni takarda zuwa wurin likitan ido. Na je, aka ce na'urarsu ta lalace, in dawo wani lokaci. Hutu ya ƙare, na koma Dutsi.

Makonnin farko ba zan manta da su ba. Wata safiya na farka na ji bakina da miyau, harshena bai manne a ganda ba. Na zauna bakin katifa ina mamaki, ashe haka mutane ke tashi daga barci. Na riƙa wuni a aji ban fita fitsari ba. Na fara gane abinci ɗaya bayan ɗaya kamar baƙon da ya zo gari. Farar shinkafa tana harba lambar sama nan take. Tuwon hatsi yana hawa a hankali amma ya daɗe bai sauka ba. Wake da kopto, wato kwaɗon ganye, ba su da faɗa. Fura kuwa, wadda na tashi da ita, ita ce babbar abokiyar gaba in an dama ta da yawa. Na zama mai zafi a kan abin. Duk lambar da ta haura sai in ji kamar an zage ni, in ƙara allura.

A gida abin bai yi wa kowa daɗi ba. A akushi ɗaya muke ci da Yaya da yaran shagonsa, to ni ba na iya sanin abin da na ci in hannu da yawa na shiga. Na roƙi matarsa ta riƙa zuba mini nawa daban a ɗan kwano. Yaya ya dubi kwanon ya tambaye ni ko ƙyamarsu nake yi yanzu da na je Yamai aka koya mini cin nasara. Na yi masa bayani, bai saurara ba. Daga nan in ya ga na ciro na'urar sai ya ce wa yaransa su yi shiru, mushe zai duba ƙasa ya gaya musu abin da zai faru gobe. Su yi dariya, ni ma in yi 'yar tawa.

Ta Inna ta fi ciwo. Na rage fura zuwa ludayi kaɗan, ba sukari, ita ke dama mini da rana. Amma duk ranar da na sha, lambar sai ta yi tsalle fiye da ƙima. Na yi ta zargin allura, na zargi zafin gari, har na zubar da kwalba mai kyau. Wata rana na dawo daga lakkwal da wuri, na tarar da ita a tsugune bayan ƙofa tana kwance bakin zanenta, tana zuba ƙwayoyin sukari a ƙwaryata. Ba ta firgita ba. Ta ci gaba da juya ludayi.

Na ce, "Inna, kashe ni kika yi a hankali. Idona na tahiya."

Ta ce, "Ni na ɗauke ka daga amalanke, ba lokotoro ba. Na hi son makaho mai lumfashi bisa ga gawa mai ido biyu."

Na daina shan furarta. Ta daina yi mini magana sai gaisuwa.

Abin ya faru wata Juma'a da bazara. Inna ta tafi suna Matankari. Al'adar Yaya ce ranar Juma'a a kawo abinci shago a ci bayan an sauko daga masallaci. Na sa babbar riga, na ɗauki allurata, amma ɗan gwangwanin sukarin na bar shi a aljihun wandon aiki. Aka kawo shinkafa da wake, ga ɗan kwanona a gefe. Na zaga bayan buhunan siminti na ɗaga riga na yi allura mai sauri. Ina fitowa sai ga mota ta tsaya, baƙi daga Tibiri, abokan cinikin Yaya, ba su aiko da labarin zuwansu ba. Yaya ya tashi da murna, ya tura musu akushi, ya ɗauki kwanona ya haɗa. Na matsa kusa da shi na raɗa masa cewa na riga na yi allura.

Ya ce, "Baƙi na zaune kana yi min zancen ciki? Ka yi haƙuri awa kowa, yanzu za a kawo wani daga gida."

Ya sa ni in tsaya a kan yara suna loda wa baƙin nan kwanon rufi a mota, cikin rana. Na san abin da ya kamata in yi. Akwai mai tebur a tsallaken kwalta, lemo ɗaya ya isa. Na ce bari a gama wannan jerin, kar a ce na watsa wa Yaya ƙasa a ido gaban mutane. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, in sukari ya faɗi, abin da yake fara ɗaukewa shi ne hankalin da zai ce maka ka nemi sukari. Na tuna gumi mai sanyi. Na tuna na sa ƙafa a kwalta. Sauran duk a bidiyo na gani, kamar yadda kowa a garin ya gani.

A bidiyon ina tsaye tsakiyar hanya, na tuɓe babbar riga na yar. Wata babbar mota na ta hon, ni kuwa ina dariya. Daga nan na juya wajen shago na fara zagin Yaya da sunansa. Na ce shi ba ubana ba ne. Na ce na san jira yake in mutu ya huta, to ban mutuwa. Na faɗi wasu kalmomin da ban san bakina ya iya su ba. Maza suka zo suka janye ni, ina shure-shure. Ana jin muryar wani yana tambaya ko ba ni ne mai ciwon sukari ba. Ana kuma jin amsar Yaya sarai.

"Ciwon sukari ba ya zagin mutane. Wanga wani abu na daban."

Na daɗe ina juya wannan amsar. Yaya ya san ciwona tun muna yara, kuma bai daɗe da jin na ce na yi allura ba. Amma an zage shi gaban baƙi, da maganar da ke da ɗan gaskiya a ciki. In ciwo ne ya kwance mini baki, to maganar tawa ce. In aljani ne, ba wanda ya faɗi komai. Ba na cewa ya zauna ya lissafa haka. Ina dai cewa ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙi.

Cikin baƙin akwai wani matashi mai taushin murya da aka sani da yin ruƙiyya, wato karatu a kan wanda aljani ya shiga. Aka kwantar da ni a tabarma, maza suka danne mini hannuwa da ƙafafu. Ya durƙusa ya kafa baki a kunnena yana karatu, can ya tsaya ya tambayi wanda ke jikina ko shi wane ne, daga ina ya fito, me yake nema. Bakina na motsi. In ka ƙara muryar salula za ka ji abin da nake faɗa, kalma ɗaya ce ina nanatawa: sukari, sukari. Wani ɗan lungu na kaina bai mutu ba, yana neman ceto. Mai ruƙiyya ya ɗago ya dubi jama'a, ya ce su ji da kunnensu, irin na 'yan bori ne, hidima yake nema a yi masa, kuma ba za a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Ya karɓi wani guntun tiyo daga hannun yaran shago ya fara dukana a baya da tafin ƙafa, yana ce wa aljanin ya fita. Bai yi da mugunta a fuska ba. Yana yi yana gumi, kamar mai aikin lada.

Na daina motsi. A nan wanda ke ɗaukar bidiyon ya matso kusa, ana ganin idona a juye, kumfa a gefen baki. Mai ruƙiyya ya ce abin ya yi laushi, saura magani. Ya buɗe jakarsa ya ciro kwalbar zuma da aka haɗa da habbatus sauda, ya lakato da yatsa ya shafa mini a dasashi da ƙarƙashin harshe, ya sake, ya sake. Ya dama wata a ruwa ya ɗiɗɗiga mini. Ba a jima ba na buɗe ido. Wurin ya ɗauki kabbara.

Daga nan nake da tunanin kaina. Zaƙi a baki, wandona jiƙe da fitsari, bayana kamar an zuba barkono, fuskoki sun yi mini rumfa. Yaya ya rungume ni yana kuka. Tun ranar da muka binne Baba bai taɓa jikina ba sai ranar. Na ce masa da ƙyar sukarina ne ya faɗi, zumar ce ta tashe ni. Ya rufe mini baki da tafinsa ya ce in yi shiru in gode wa Allah.

Kafin Litinin bidiyon ya zaga garin. 'Yan kabu-kabu na nuna wa juna a tasha, samari na kallo a fada wajen shan shayi. Na shiga aji, yara suka yi tsit irin wanda ban taɓa samu ba, na gaba suka ja bencinsu baya. Iyaye suka je wurin direkta. Shi mutum ne mai ladabi, ya ce mini shi kam ya san ciwo ne, ya karanta, amma ba zai iya da mutanen gari ba. Na kai masa takardun asibiti, ya karɓa ya sa a durowa bai buɗe ba. Ba a daɗe ba insipekta ya kira ni ya ce an ga ya dace in je wurin da ba hayaniya in huta. Aka tura ni wani ƙauye gaba da Dogon Kiriya, inda ba wuta, ba farmasi, mota kuma sai ranar kasuwa.

Inna da ta dawo ta sa na ɗaga riga ta ga shatar tiyo. Na zaci za ta je ta sami Yaya. Ba ta je ba, don shi ne mai gida. Ta shafa mini man kaɗanya tana cewa na ga abin da awona ya jawo, shekara nawa ina hannunta ban taɓa tuɓewa a titi ba. Ta kuma rage murya ta ce ta kalli bidiyon, ta ji doguwar ta faɗi abin da take so da bakinta. Haka kowa ya samu hujjarsa a jikina. Yaya ya ga aljani ya fita, Inna ta ji doguwa ta yi magana, mai ruƙiyya kuwa aka ce mini mutane sun fara zuwa wurinsa daga nesa.

Tsoro ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Na yi wani lokaci ina rage allura da gangan, ina cika ciki kafin in fita, don gara ƙishirwa da in sake faɗuwa gaban mutane. Ƙishirwar ta dawo, zafin ƙafa ya dawo. Sai da na isa ƙauyen na zauna ni kaɗai sannan na sake ɗaura ɗamara.

Bidiyon ya riga ni isa can. Ba wanda ya gayyace ni cin abinci, ba wanda ya sa hannu a kwanona. Wannan ya yi mini ciwo, ya kuma yi mini amfani, don karo na farko a rayuwata ni ke da iko da abin da ke shiga bakina da lokacin da zai shiga. Na sayi randa na binne kwalbata a gindinta. Na koyi dafa wake da ganye, da ɗan tuwo daidai tafin hannu. Na daina yin allura mai sauri sai abinci na gabana, na riƙe kwanon da hannuna. Na gane ranar da zan yi tafiyar ƙafa sai in rage, ranar zazzaɓi in ƙara. Na sa tela ya ɗinka mini ƙaramin aljihu a cikin kowace riga, har ta Juma'a, na cusa sukari. Na daina fushi da lamba, in ta haura in gyara in wuce. Faɗuwar ta zo wasu lokuta, amma na koyi jin tahowarta tun daga rawar gwiwa. Na yi ƙiba kaɗan. Wani tsohon gyambo a ƙaurina ya rufe. Ban taɓa jin lafiya irin ta wannan shekarar ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Wata safiya bayan girbi ina rubutu a allo, sai na ga wani jan abu ya ɗiga a cikin idona na hagu, ya fara bazuwa kamar tawada a ruwa. Na goge ido, bai tafi ba. Kafin a tashi yara rabin ajin ya ɓace. Na jira ranar kasuwa, na hau amalanke zuwa Dogon Kiriya, daga nan motar daji zuwa Dutsi, daga nan Yamai.

Wannan karon na'urar likitan ido na aiki. Ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce jini ya zuba, tantanin bayan idon kuma ya ɓalle, na hagu ya tafi. Ya tambaye ni ko na sauke sukarina da sauri a 'yan watannin nan. Na ce e, da alfahari ma na faɗa. Ya ce idon da ya daɗe cikin sukari mai yawa, wani lokaci in aka sauke shi farat ɗaya sai ya ƙara lalacewa kafin ya daidaita, shi ya sa ake so a fara gyara ido tukuna. Ya ce da na zo da wuri. Na ce na zo, aka ce in dawo. Ya ce in kafa haɓa a nan, ya shiga ƙona jijiyoyin na dama da haske don a tsirar da shi. Kowane walƙiya ina jin ta har ƙeya.

Da na je wurin lokotoron sukari, ta dubi sabon awon jinina, fuskarta ta saki. Ban taɓa ganin haƙorinta ba sai ranar. Ta kira wata ɗalibarta ta nuna mata takardar, ta ce ga mutumin da ya ji magana, daga ƙauye ba firigo, ya yi abin da na birni suka kasa. Na bari ta gama, sannan na gaya mata idon hagu ya mutu. Can ta ce ƙodata da ƙafafuna da idon da ya rage za su ci amfanin wahalata, kar in saki. Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce. Na fito na zauna a bencin ƙofarta har aka fara share wurin.

Na biya ta Dutsi a kan hanyar komawa. Yaya ya dubi idon ya yi salati, ya ce an san aljani in zai fita ba ya fita hannu banza, in ina so zai sa a kira mai ruƙiyya ya ƙarasa aikin. Sannan ya roƙe ni, a hankali, in na zo gari in riƙa wucewa gida kai tsaye, don in na zauna a shago mutane na taruwa kallo, ciniki na tsayawa. A gida Inna ta zaunar da ni a tabarma, ta zaga ta hagu. Na ji iskar hannunta tana kaɗa shi kusa da fuskata, tana gwadawa, ta ɗauka ban sani ba. Ta dawo gabana ta zauna. Ta ce gara da ubana bai kai yau ba.

Na koma ƙauyen, har yanzu can nake. Idon dama ya tsaya, ina karatu da shi in na matso da takarda. Awon jinina yana nan inda lokotoro ke so. Yara ba su daɗe ba suka gane cewa duk wanda ke zaune ta haguna ba na ganinsa. Suka riƙa rige-rigen zama a wannan gefen. In na juya ga allo sai in ji ƙus-ƙus da dariya a maƙale, wani na kwaikwayon yadda na tuɓe riga a kwalta, wani na raɗa sukari, sukari. In na waiwaya da dukan jikina sai in tarar kowa ya naɗe hannu. Na gwada duka, bai hana ba, na kuma ga hannuna bai son tiyo ko bulala. Sai na matsar da tebur ɗina can kusurwa, na jingina kafaɗar hagu da bango, yadda dukan ajin zai faɗo ta dama. Daga nan nake koyarwa yanzu. Hasken taga na dukan allo daga wurin, ba na ganin abin da na rubuta sosai, amma ina ganin su.